Zan kwashi adashi, ina son sayen kyamarata ta farko: a ba ni shawara

Ummi Mai Lalle: Assalamu alaikum 'yan gida. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa tofawa ba, yau dai buƙata ta fito da ni. Ni sana'ata ƙunshi, ina yi wa amare lalle a nan Kano, kuma kusan duk cinikina ta hoto yake zuwa: in na ɗora aiki a Instagram, wata ta gani ta kira. To wayata ba ta fitar da aikin yadda yake. Jan lalle ya koma ruwan ƙasa, baƙin ya haɗe da fata, ƙananan zanen da na ɓata awa uku a kansu duk su cakuɗe. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi, naira dubu 250. Ɗan maƙwabtanmu ya ce in nemi Canon 600D ko Nikon D3200 ta hannu. Ni ko riƙe irin wannan kyamarar ban taɓa yi ba. Wacce zan saya, kuma me zan duba kada a cuce ni?

Sadik: Wa'alaikumus salam. Gaskiya Hajiya, ki ƙara kuɗi ki sayi waya mai kyau. 600D tun 2011 ta fito, D3200 kuma 2012. Wa yake sayen kayan lantarkin da suka haura shekara goma? Wayoyin yanzu megafiksel 50 ne, wasu 108, ita kuwa 600D ɗin 18 ce kacal. Kuma waya kina ɗauka kina ɗorawa, ba sai kin nemi kwamfuta ba.

Yaya Nura: Sadik, lissafin megafiksel ɗin nan shi ake yaudarar mutane da shi a kasuwa. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne girman sensa, wato farantin da haske yake sauka a kai. Na 600D milimita 22 ne da ɗoriya a tsawo, kusan 15 a faɗi. Na yawancin wayoyi bai fi farcen ƙaramin yatsa ba. Ka shimfiɗa tabarma da darduma a rana, wacce za ta fi kwasar haske? Kuma megafiksel 18 ɗin da ka raina hoto ne mai ɗigo 5184 a tsawo, 3456 a faɗi. Za ka wanke shi girman kalanda bai fashe ba.

Sadik: To ai ba kalanda za ta buga ba, Instagram ta ce.

Yaya Nura: Nan kam ka yi gaskiya.

Anti Bilki: Ku bari in yi magana, don ni na bi hanyar da take son bi. Ƙanwata, in hoton hannu kawai za ki riƙa ɗauka, maganar Sadik ba ta faɗi ƙasa ba, waya mai kyau da hasken taga sun isa. Amma ki yi tunanin gaba. Ke kina shiga ɗakin amarya, inda namiji mai hoto ba ya shiga. Ranar ƙunshi, ranar kamu, ranar wuni, gidaje da yawa ba sa son namiji ya shigo tsakiyar mata da kyamara. Ni a Kaduna rabin aikina daga nan yake fitowa, don kawai ni mace ce. Kin riga kin samu ƙofar, kyamarar ce babu. In da wannan niyyar a ranki, ki saya.

Ummi Mai Lalle: Wallahi Anti kamar kin shiga zuciyata. Sau biyu uwar amarya tana tambayata ko na san mace mai ɗaukar hoto.

Ɗan Maraɗi: To in haka ne ta ɗauki Nikon. D3200 megafiksel 24 ce, kuma ta fi jure ɗaki mai duhu. Ni da ita nike aiki nan Maraɗi shekara da shekaru, ba ta taɓa kunyata ni ba. Sai dai ki kiyaye abu guda: jikinta babu injin da ke juya lens, wato gilashin gaban kyamara, don haka in za ki sayi lens ki duba an rubuta AF-S. In kika sayi tsohon mai AF kaɗai, da hannu za ki riƙa saita shi.

Yaya Nura: An fara. Duk lokacin da aka ce Canon sai Ɗan Maraɗi ya taso. Ummi, dukansu suna aiki, kada mu ruɗa ki. Abin da ya sa zan ce 600D: allonta yana buɗewa yana juyawa. Ke da za ki riƙa ɗaukar hannu da ƙafa daga sama, amarya na zaune a ƙasa, za ki ɗaga kyamarar ki karkato allon kina gani, ba sai kin hau kujera ba. Tana da wurin sa makirufo in za ki yi bidiyo. Sannan a garin nan masu Canon sun fi yawa a cikin waɗanda na sani, batir ko caja ko aron lens ba zai ba ki wuya ba.

Baba Mai Hoto: Assalamu alaikum. 'Yata, ni ba zan shiga faɗan Canon da Nikon ba, na ga irinsa tun kafin a haifi waɗannan yaran. Abu ɗaya zan roƙe ki: kada ki zuba kuɗin nan duka a kan kyamarar. Ki ware na batir na biyu, na mimori mai kyau, na jaka. Wanda ya sayi doki da duk abin da ya mallaka, da me zai sayi harawa?

Kuma ki je da ƙafarki, ki tafi da wanda ya san abin. Kada ki tura kuɗi ga wanda kika gani a intanet ya ce zai sa a mota daga Ikko. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Ummi Mai Lalle: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. In na je me zan duba?

Baba Mai Hoto: Nura ya faɗa miki, shi ne yake yawon kasuwa. Ni gwiwa ta hana.

Yaya Nura: To ki rubuta. Ki fara da adadin bugun shota, wato ƙofar da ke buɗewa ta rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, shi ne kamar lissafin kilomita a mota. Irin waɗannan ƙananan ana ƙiyasta musu wajen bugu dubu 100. Nikon tana ajiye lambar a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuwa sai an jona ta da kwamfuta an duba da manhaja. Mai shagon da ya san aikinsa yana da ita. In ya ce ba ya iya dubawa, ki rage kuɗi ko ki wuce gaba.

Ki cire lens ɗin, ki haska shi da fitilar waya ta baya ki leƙa. In kin ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, danshi ya kama shi, ki ajiye musu kayansu. Ki mayar, ki murɗa lambar f, wato ta faɗin bakin lens, ta kai 22, ki ɗauki farin bango ko sararin sama, ki faɗaɗa hoton. Ɗigo-ɗigo baƙaƙe ƙura ce a kan sensa, ana gogewa. Layi a miƙe ko karce kuwa ba ya goguwa. Ki danna kowane maɓalli, ki tayar da filasha, ki juya allon gaba da baya ki ga ko yana ɗaukewa. Batirin 600D LP-E8 ne, ki ciro shi ki ɗora a teburi, in ya kumbura zai riƙa lilo. Kuma ki sa a rubuta miki rasit da lambar jikin kyamarar, don kayan sata suna yawo.

Ɗan Maraɗi: Ka manta robar riƙo. In ta saɓule ko ta yi santsi, kyamarar ta sha biki, ko mai shago ya rantse.

Sadik: Duk wannan wahalar a kan hoton lalle. Allah ya ba da sa'a.

Ummi Mai Lalle: Salam. Alhamdu lillahi, jiya na sayi 600D ɗin. Na tafi da yayana da wani abokinsa mai situdiyo. Ta farko da aka fito mana da ita fes a ido, amma da muka haska lens sai ga saƙar gizon nan da Yaya Nura ya faɗa. Ta biyu bugu dubu 31 da 'yan kai, da lens 18-55, da caja da batir biyu. Ragowar kuɗin na sayi jaka da mimori 64GB a wajen wani mai tebur a bakin titi, ya yi min araha sosai. Sai dai akwai matsala: in na sa ido a ƙaramar tagar nan ta leƙawa komai hazo-hazo nake gani, amma hoton yana fita daidai. Ko an cuce ni ne?

Anti Bilki: Ba a cuce ki ba. Gefen tagar, ta sama daga dama, akwai wata 'yar ƙaramar taya. Ki sa ido ki riƙa murza ta har lambobin da ke ciki su fito tar. Mai ita na da ya saita ta daidai da idonsa ne. Ni sai da na yi sati ina zaton idona ne ya lalace.

Ummi Mai Lalle: Kai! Ya washe. Har na fara jin haushin mai shagon, Allah ya yafe min.

Baba Mai Hoto: Mimorin nan na mai tebur bai kwanta min ba. Araha ba ta ado.

Ummi Mai Lalle: Jama'a na shiga uku. Ranar Alhamis na yi wa wata amarya ƙunshi da ƙawayenta bakwai, na ce bari in gwada. Na ɗauki hoto ya fi ɗari uku da bidiyo 'yan guntaye. Da na dawo gida na sa a kwamfutar yayana, na farko-farkon sun buɗe, sauran kuwa ga sunayensu ana gani amma ba sa buɗewa, wasu rabi hoto rabi toka. Waɗanda suka buɗe ɗin ma yawancinsu sun yi dishi-dishi kamar an shafa musu mai. Amarya tun jiya take kirana, na rasa abin da zan ce mata. Gara ma da ban karɓi kuɗin hoto ba.

Yaya Nura: Innalillahi. Matsala biyu ce, kada ki haɗa su. Ta farko mimorin jabu ne. Ana ɗaukar ƙaramin kati, misali mai 8GB, a sauya masa bayani ya riƙa nuna 64GB. Yana cika ainihin cikinsa, duk abin da aka ƙara sai ya bi iska, kyamara kuwa ba ta sani ba, tana ta lissafa miki. Shi ya sa na farko suka tsira. Kada ki sake ɗaukar komai a kansa, ki kwashe waɗanda suka buɗe. Waɗanda suka faɗa bayan cikar, ki fawwala wa Allah, ba a taɓa rubuta su ba balle a dawo da su. In kin sayi sabo, akwai manhaja kyauta mai suna H2testw, tana cika katin da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa miki gaskiyar cikinsa. Ki gwada kafin ki kai shi gidan kowa. Kuma 16GB ko 32GB guda biyu sun fi 64 guda ɗaya.

Ta biyun kuma, ki buɗe ɗaya daga cikin masu dishi-dishin a kyamara, ki danna maɓallin bayani, ki karanto mana lambobin da ke jiki.

Ummi Mai Lalle: An rubuta 1/8, sai F5.6, sai ISO 100. Na sa ta a Av, inda kyamara ke zaɓar daɗewar ɗauka da kanta, kamar yadda na gani a wani bidiyo, ISO kuma na bar shi a 100 don an ce ya fi tsabta.

Baba Mai Hoto: To ga ɓarawon nan an kama. Zauna in yi miki bayani yadda aka yi min, 'yata.

Ki ɗauka kina tarar ruwan sama a bokiti. Abu uku ne: faɗin bakin mazurari, daɗewar da kika yi kina tara, da girman bokitin da kike son cikawa. Lambar F ita ce bakin mazurari, kuma a juye take, ƙaramar lamba babban baki. 1/8 ɗin nan daɗewa ce, wato ƙofar ta zauna a buɗe kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa. A kunne kamar ba komai, amma a hannun ɗan Adam zamani ne mai tsawo. Numfashinki kaɗai ya isa ya girgiza hoton, balle amarya da ƙawaye suna ta hira da hannu. ISO 100 shi ne babban bokiti, yana son ruwa da yawa. Kin shiga ɗaki mai labule, ruwa yayyafi ne, kin ba ta ƙaramin mazurari da ƙaton bokiti. Me za ta yi in ba ta daɗe tana tara ba? Kyamarar ba ta yi laifi ba, abin da kika ce shi ta yi.

A ɗaki ki kai ISO 800, in ya kama 1600. Zai ɗan yi tsaki-tsaki, amma hoto mai tsaki ana kallonsa, mai girgiza kuwa sai shara. Ki riƙa kallon lambar nan ta ƙasa a cikin tagar leƙawa, kada ta sauka ƙasa da 1/100 in mutum kike ɗauka. In yara ne masu guje-guje 1/250. Dawaki a Hawan Daushe 1/1000, amma ba mu kai nan ba tukuna.

Kuma tun kafin duk wannan, ki fito da amaryar bakin ƙofa. Ba cikin rana ba, inuwar da ke dab da rana. Ki kashe ƙwan ɗakin, don haskensa da na waje in suka haɗu su ne suke ɓata miki launin lalle. Mu da muka yi aiki da fim, hoto 36 ne a nadi ɗaya, ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke bayan kwana biyu. Dole ka koyi kallon haske kafin ka danna. Ku yanzu an ba ku dubu kyauta, sai kuka daina kallo.

Sadik: Ni dai da waya ce da tuni amarya ta samu hotunanta.

Anti Bilki: Sadik ka ji tsoron Allah, yarinya tana cikin damuwa. Amma Ummi, akwai abin ɗauka a maganarsa: har ki gama koyo, duk aikin da kika yi ki ƙara da hoto biyar a waya. Amarya kuma ki kira ta ki gaya mata gaskiya. Lalle yana kai sati a hannu, ki roƙe ta ki je ki sake ɗauka ko a gidan mijin ne.

Ɗan Maraɗi: Baba, bayanin bokitin nan zan sata in riƙa yi wa yarana na shago.

Yaya Nura: Ba a banza ba Zage-zagi suke cewa su ne malamai. Sai dai a karɓi karatu a gudu kafin a kawo lissafi.

Baba Mai Hoto: Bakano ke nan, ko ilimi aka ba shi sai ya tambayi nawa ne sari.

Ummi Mai Lalle: Na je gidan amaryar, ta ma yi dariya. Na zaunar da ita bakin ƙofar falo wajen ƙarfe huɗu da rabi, ISO 400, lambar ta nuna 1/160. Jama'a, jan ya fito ja! Har 'yan ɗige-ɗigen da na yi a gefen yatsu ana ƙirgawa. Amma da ta sa farin leshi na ɗauke ta gaba ɗaya, fuskarta ta yi duhu sosai, alhali ga haske. Me ya jawo?

Anti Bilki: Wannan ciwon duk mai ɗaukar hoto a ƙasar nan ya san shi: farar shadda da baƙar fata. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki ne, kamar ruwan toka. In fari ya cika hoton sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, leshin ya koma toka-toka, fuska ta nutse. A bayan 600D akwai maɓalli mai alamar Av da +/-. Ki danne shi ki murza tayar da ke kusa da maɓallin ɗauka, ki kai +1. Ki ɗauka ki duba. In adon leshin ya fara ɓacewa ya zama fari fat, ki dawo baya kaɗan. In kin gama ki mayar da shi sifili, in ba haka ba gobe ki fita rana komai ya ƙone. Ni na taɓa yin rabin ɗaurin aure a +2 ban lura ba.

Sannan ki daina barin kyamarar tana zaɓar inda zai fito tar a hoton da kanta. Ɗigo tara ne a cikin tagar, ki zaɓi na tsakiya, ki ɗora shi a kan idon mutum, ki danna rabi har ta yi ƙara, sannan ki ƙarasa.

Yaya Nura: In kuɗi sun shigo ki nemi lens 50mm f/1.8. Lens ɗinki in kin zuƙo shi zuwa 55 ba ya buɗewa ya wuce 5.6, wancan kuwa yana shigar da haske kusan ninki goma, kuma shi ne yake narkar da bayan mutum yadda amare suke so.

Baba Mai Hoto: Kada ta yi gaggawa. A 1.8 in ta ɗauki hannu, yatsa ɗaya zai fito, huɗu su narke, ita kuwa zanen take sayarwa. Kuma na hannunta yana matsawa kusa har wajen santimita 25, sabon 50 ɗin sai 35, tsohon ma 45. Don lalle, wanda take da shi ya fi. Ta yi wata shida da shi tukuna.

Yaya Nura: Na karɓi gyara, Baba. Don fuska nake nufi.

Ɗan Maraɗi: Tunda hunturu ya ƙarato, ga nawa. Kada ki cire lens a waje, ko a ɗaki fanka na juyawa. In dole ne, ki kashe kyamarar, ki kifa bakinta ƙasa, ki yi sauri. Kada ki hura da baki, kada ki goge gilashi da gefen mayafi, ƙurarmu yashi ce, karce take yi. Akwai ɗan famfon roba na hura iska, shi za ki saya. Da damina kuma ki riƙa jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi cikin jakar. Caja kuma kada ki bar ta a jone lokacin da ake tayar da janareto.

Anti Bilki: Saura abu ɗaya da ba na maɓalli ba. Kin shiga cikin mata sun saki jiki, wata ba ɗankwali, wata tana shayarwa. Amanar da ta sa aka bar ki kika shiga ita ce jarinki. Kada ki ɗora fuskar kowa sai ta ce ki ɗora, ko amaryar ce, wani lokacin ma sai ta tambayi mijinta. Kada ki ba yaron shago mimorinki ya kwashe miki, ki koyi yi da kanki. Hoto ɗaya ya fita inda bai kamata ba, unguwa guda za ta rufe miki ƙofa.

Ummi Mai Lalle: In sha Allahu Anti. Ga wanda na ɗauka yau da safe, hannun ƙanwata ne, a kan baƙin mayafi a bakin taga. F7.1, 1/125, ISO 400. Ku faɗa min gaskiya.

Yaya Nura: Ma sha Allah. Ya fita tsaf, launi daidai. Kin ɗan yanke kan babban yatsa, ki riƙa barin sarari.

Sadik: To, ba laifi. Wannan kam wayata ba za ta fitar da shi haka ba. Nawa kika ce kin sayi kyamarar?

Baba Mai Hoto: Hasken ya yi, 'yata. Amma ki duba kusurwar sama ta hagu. Butar wa ce?

Ummi Mai Lalle: Wayyo, ta Hajiyarmu ce. Wallahi ban gan ta ba sai yanzu.

Baba Mai Hoto: Kafin ki danna, ki zagaya da ido kusurwa huɗu. Kawar da butar ki sake ɗauka, ki turo mana kafin rana ta bar tagar.